Ƙauyen Da Ruwa Ya Zagaye, Wa Ke Mulkinsa?

 

Yau maganarmu a kan tsibiri ce. Ke 'yar makaranta, kin riga kin karanta cikin darasin labarin ƙasa cewa tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya zagaye ko ta ina. In malama ta ce a nuna tsibiri a taswira, sai yatsanki ya nufi can cikin teku, wajen Madagaska ko Zanzibar. To, dawo da yatsanki gida. A ƙasar Haɗeja ma muna da tsibirai, sai dai namu ba su cikin taswira, don na damina ne. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, in kogi ya kawo, ƙauyuka da dama a Guri da Kiri Kasamma da Auyo da Kafin Hausa sai ruwa ya raba su da hanyar mota, ba shiga ba fita sai da kwalekwale.

Ran da hanya ta yanke, ƙauye ya zama kamar 'yar ƙasa mai zaman kanta. Malamin asibiti ba ya iya shigowa. Malamin makarantar da ke kwana a gari ba ya iya zuwa. Mai motar da ke kawo gishiri da sabulu ya tsaya a bakin ruwa. Mace mai naƙuda kuwa, in haihuwa ta zo da gardama, ba ta da madogara sai Allah, sai kuma mai kwalekwale. Wa ke neman busasshen ice a irin wannan lokaci? Wa ke jinyar yaro mai gudawa, wa ke auna ɗan hatsin da ya rage? Ai ke ce, uwargida. Saboda haka kada wani ya ce miki sha'anin mulki zancen maza ne a zaure.

Abu guda nake so ki riƙe daga wannan shafi. Yadda tsibirinku zai kwana a watan Satumba, tun da rani ake yanke shi, kuma kowane aiki akwai wanda doka ta ɗora wa. Wadda ta san mai aikin, ta kuma tambaye shi da wuri, ta fi wadda ta jira ruwa ya shigo ɗaki sa'an nan ta yi kururuwa.

Mafarin ruwan

Kogin Kano da kogin Challawa su ne suka haɗu a kudu da birnin Kano suka zama kogin Haɗeja. Ya biyo ta Wudil da Ringim har ya iso mana. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, ya rarrabu. Wani reshe, watau Marma, ya nufi tafkin Nguru, wani shi ne Burum Gana, wani kuma tsohon kogi. Can wajen Gashuwa ruwan ya gamu da na kogin Jama'are, suka zama kogin Yobe, suka miƙa sai Tafkin Cadi.

A zamanin kakanninmu kogin nan yana da ƙa'ida. Ya cika da damina, ya malale fadama, ya janye da kaka, da rani kuwa ya ƙafe har yara su yi wasa cikin yashinsa. Kowa ya san lokacinsa. Manomi ya shuka shinkafa kafin ruwa ya iso, masunci ya hau gorarsa ya bi kifi, in ruwa ya janye Bafillatani ya kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa. Sarkin ruwa da bulama su ke raba gardama.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ba mai musun amfaninsu. Birnin Kano na shan ruwansu, manoman rani na Kadawa na ci da su, mu ma a nan gida akwai aikin noman rani na wajen Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a farkon 2023 bayan an gyara shi. Amma daga ran da aka datse kogi, yawan ruwan da zai sauko mana da lokacin saukowarsa ba ga damina kaɗai suka dogara ba. Akwai hannun mutum a ciki. Mai riƙe da madatsun nan ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1976, ofishinta kuwa yana Kano.

Daga nan sai wata baƙuwar wahala ta samu gindin zama. Tun da yanzu ana sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani, kogi ya daina ƙafewa, ciyawar kacala kuwa ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka kwanta a gindinta, cikin kogi ya cike. In aka yi ruwan sama mai yawa, sai ruwa ya rasa hanya ya hau gonaki da gidaje, alhali kuwa waɗansu ƙauyukan da ke ƙasa suna kukan ba ya isa gare su. Cikin kacalar nan tsuntsayen jan-baki ke kwana su wayi gari a gonar shinkafa, nan sauro ke hayayyafa, nan kuma ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya ke zama.

Kada mu ɗora wa madatsa laifin kowace ambaliya. Wata shekara ruwan sama ne ya yi yawa, wata shekara ma madatsar ce ta tare mana rabin masifar. An yi manyan ambaliya a 2001 da 2012 da 2018 da 2020 da 2022. A ta 2022 fiye da mutum 600 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mutanen Haɗeja ba za su manta da dararen da samari suka kwana suna ɗura yashi a buhu suna ƙarfafa jinga don kada ruwa ya ci gari ba. Allah ya saka musu. Amma garin Haɗeja yana da jama'a da hanya da masu faɗa a ji. Ƙauyen da ke tsakiyar ruwa fa?

Kowane kuka da ƙofarsa

Masu iko a kan ruwan nan hawa-hawa ne, ya kamata ki san su kamar yadda kika san tukwanenki.

Na farko, Gwamnatin Tarayya. Ban da hukumar kogunan da na ambata, akwai hukumar duba yanayi, NiMet, wadda ke faɗin yadda damina za ta kasance tun farkon shekara. Akwai kuma wata hukuma mai auna ruwan koguna, wadda kowace shekara kafin damina take fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Sai hukumar agajin gaggawa, NEMA, da aka kafa a 1999.

Na biyu, Gwamnatin Jiha. Tun 1991 da aka cire Jigawa daga Kano, Dutse ce wurin kai kukan manyan hanyoyi da gadoji da manyan jingaye da makarantun sakandare. Jiha tana da tata hukumar agaji, ta kuma sayi injinan da ke tafiya a kan ruwa suna tuge kacala suna yashe kogi.

Na uku, ƙaramar hukuma, wadda ta gaji En'e a 1976. Akwai 27 a Jigawa, takwas daga ciki a masarautar Haɗeja. Tsarin mulkin 1999 ya ba ta ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da kasuwanni da rajistar haihuwa, ya ba ta hannu cikin makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Kin san har ba da lasisin kwalekwale yana cikin aikinta? Rubuce yake, tare da na keke da amalanke. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da fili a karkara, watau in ƙauye na bukatar tudun da zai ƙaura ko ya fake, a nan za a fara magana. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Nawa ya shigo, me aka yi da shi, tambaya ce da kowane mai ƙuri'a ke da ikon yi wa kansilansa.

Na huɗu, sarakunanmu, daga mai unguwa da bulama zuwa hakimi zuwa Mai Martaba Sarki. Baitulmali ba ya hannunsu kamar zamanin En'e, amma su ne suka san kowane gida, kuma maganarsu tana shiga inda tamu ba ta kai ba.

Tun da kogi bai san iyakar jiha ba, a 2006 aka yi taro a Damaturu, jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka haɗa kai da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusu don gyaran kogunan nan. Duniya ma ta san da fadamarmu. Tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin dausayin da ƙasashe suka yi alkawarin kiyayewa a 2000, dajin Baturiya ya shiga a 2008.

Kin ga masu iko ba su yi kaɗan ba. Wahalar ita ce in suka yi yawa, kowa sai ya ce aikin na wancan ne. Maganin wannan kuwa shi ne a kai kowane kuka ƙofarsa, a rubuce, da kwanan wata.

Abin koyi daga Maldibs

Bari in kai ki nesa kaɗan, don a can akwai masu irin damuwarmu, tasu ma ba ta janyewa da kaka. Cikin Tekun Indiya akwai wata ƙasar Musulmi da ake kira Maldibs. Ƙananan tsibirai ne fiye da 1,000, mutane na zaune a kan kusan 200 daga ciki, jama'arta duka kimanin rabin miliyan. Ƙasar ba ta da tudu. Yawancinta bai fi tsawon mutum ba daga fuskar teku, tekun kuwa yana ƙara hawa saboda ɗumamar duniya, wadda hayaƙin manyan ƙasashe ya jawo. Kin ga su ma mafarin ruwan da ke cin su yana hannun waɗansu, can nesa.

Abu uku suka yi da ya dace mu duba. Na ɗaya, ba su yi shiru ba. A watan Oktoba 2009 shugabansu na lokacin, Mohamed Nasheed, ya sa ministocinsa suka sa kayan nutso suka yi taron majalisa a ƙarƙashin teku, don duniya ta waiwayo. Na biyu, ba su tsaya su kaɗai ba. Tun 1990 ƙananan ƙasashen tsibirai suka ƙulla ƙawance, suna magana da baki ɗaya a Majalisar Ɗinkin Duniya, don sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, sun ga babban birninsu, Male, ba zai iya sanin yoyon kowane ɗaki ba, sai a 2010 suka yi doka ta kafa majalisa a tsibiran da mutane ke zaune, mutanen wurin su zaɓa da kansu. A 2019 suka gyara dokar, suka keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun, aka kuwa yi zaɓe a kan haka a 2021.

Ba na ce komai nasu ya gyaru ba, kuma su ƙasa ce mai tuta, mu kuwa ƙauyuka ne ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Amma dubi namu. A zaɓen 2023, cikin kujeru 30 na Majalisar Dokokin Jigawa ba mace ko ɗaya. In ana shawarar inda za a ajiye kwalekwale ko wanda za a fara ba agaji, wa zai tuna da mai ciki wata tara, in ba wadda ta taɓa ɗaukar ciki a wurin?

Abin da za a nema tun da rani

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa shida da matan kowane ƙauyen bakin ruwa ya kamata su nema tun watan Maris ko Afrilu.

Sanarwa. Ruwan da ya wuce Wudil sai ya yi kwanaki kafin ya iso mana, ana kuwa auna shi a hanya. A nemi a riƙa faɗin labarinsa a rediyo da masallaci da bakin mai shela, har ya shiga cikin gida. Labarin da ya tsaya a zaure bai isa ga mai kwashe kaya ba.

Kwalekwalen gari. A san wanda za a tasa da tsakar dare saboda marar lafiya, a san wa zai biya shi. A san iyakar mutanen da kowane kwalekwale zai ɗauka, a nemi rigunan da ke hana nutsewa. Yawancin hatsarin da muke ji, lodi ne ya yi yawa ko tafiyar dare. Tun da ƙaramar hukuma ke da ikon lasisi, ita za a tambaya.

Magani da ungozoma. A kawo maganin zazzaɓi da na gudawa da gidan sauro da maganin tsabtace ruwa kafin hanya ta yanke. A rubuta sunayen matan da za su haihu tsakanin Agusta da Oktoba. Wadda aka gaya wa a awo cewa haihuwarta na iya ba da wuya, a shawo kan maigida ta koma wurin dangi kusa da asibiti da wuri.

Makaranta. Lokacin komawa makaranta yakan faɗo daidai lokacin da ruwa ya cika, sau da yawa kuma azuzuwa ake mayarwa masaukin waɗanda ruwa ya kora. A nemi a ware tudun da za a kafa musu rumfuna dabam, a kuma nemi malami ko malama 'yan garin, waɗanda ruwa ba zai tare ba. Yarinyar da ta rasa zango guda kowace shekara, ita ce ake cewa ba ta da ƙoƙari a cire ta. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ke yi musu irin haka, tun 2002 ake karantar da yara cikin jiragen ruwa.

Jinga da kacala. Aikin rani ne, ko na gayya ko na inji. Amma a tuna, jingar da ta tsare wannan gari tana iya tura ruwa kan maƙwabta. Don haka sai garuruwan da ke kan reshe ɗaya su zauna tare gaban hakimi kafin a sa fartanya.

Rabon agaji. A rubuta sunayen gidaje tun kafin masifa, a karanta su a bainar jama'a. Matar da mijinta ya rasu tana riƙe da marayu, a lissafa ta a matsayin mai gida. In ba haka ba, buhu zai wuce ta ƙofarta.

Yadda ake kai kuka

Ba sai kin fita kasuwa kin ɗaga murya ba. Kuna da adashi, kuna da makarantar Islamiyya, kuna da taron iyayen yara. Nan za a fara. Ku zaɓi dattijuwa mai mutunci ta zama bakinku, ku shaida wa mazanku, don su ma abin ya shafe su. Ku rubuta takarda gajeriya cikin ladabi, buƙata ɗaya ko biyu kawai, da sunan gari da kwanan wata. Ku yi ta kashi uku, ɗaya ga bulama ya miƙa wa hakimi, ɗaya ga kansila, ɗaya ku ajiye cikin kwalla. In wata guda ya wuce ba amsa, ku sake rubutawa ku ambaci ta farko. In garuruwa biyar suka aika da magana iri ɗaya cikin mako ɗaya, da wuya a sa ta ƙarƙashin tabarma. Akwai kuma dokar 2011 wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, ta ce a amsa cikin kwana bakwai.

Ke kuma 'yar makaranta, ga naki aikin. Ke ce magatakardar iyayenki. Sayi littafi ɗaya na rubutu, ki sa masa suna Littafin Ruwa. Rubuta ranar da ruwa ya iso bayan gari, ranar da hanya ta yanke, ranar da ta buɗe. Rubuta ɗakuna nawa suka faɗi, kwana nawa makaranta ta yi a rufe, mata nawa suka haihu ba ungozoma, nawa aka biya kuɗin fito. Ki sa alama a jikin bishiya ko bangon makaranta inda ruwa ya tsaya. Bayan shekara uku za ki riƙe abin da ko injiniya zai so ya gani. Mai cewa "mun sha wahala" ana ba shi haƙuri. Mai cewa "hanyarmu ta yanke kwana kaza, ga ranakun" sai an ba shi amsa.

Sa'an nan ga ƙuri'a. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ta ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha ɗauri saboda ita. Abin da aka samu da wuya haka bai kamata a sayar da shi a kan sabulu da taliya ba. In mai neman kujera ya aiko da gaisuwa, ku karɓa da fara'a, ku tambaye shi zancen kwalekwale da jinga da malamar makaranta, 'yarku kuma ta rubuta abin da ya ce cikin littafinta. In ya dawo neman ta biyu, sai a karanta masa.

Ruwa rahama ne. Shi ya ba mu shinkafa da kifi da alkama da tattasai har ake sha'awar ƙasarmu. Ba wanda ke roƙon a ɗauke shi. Abin da muke nema shi ne a tafiyar da shi da shawarar waɗanda ke kwana a bakinsa, mata kuwa rabinsu ne. Wadda ta karanta wannan shafi, don Allah ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba. Waɗanda garinsu ya riga ya gwada wata dabara ta yi amfani, su rubuto mana don sauran su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da sharrin ruwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.